Motar da Ka Aiko Ta Koma Ba Mama

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman 'Yan Biyu da yaran duka. Yaya aiki, yaya kuma sanyin wurin naku da kullum kake kuka da shi? Yaya jikin ƙaramin cikin 'yan biyu? Tun da na ji zazzaɓin ya sake dawo masa ban fasa sa shi a addu'a ba safe da yamma. Allah mai warkarwa ya taɓa shi, ya ba ku kwanciyar hankali. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Baban yara yana nan yana fama da katako, ya samu ya gama kujerun makarantar nan da suka sha masa kai, yanzu sai ƙorafin ciwon baya kamar wani tsoho. Babbar 'yarka ta nan gidanmu ta fara hawa keken ɗinki, ta karya mini allura ba adadi, amma da alama hannunta zai yi kyau. Ƙaninta kuwa in ban da ƙwallo da ci babu abin da ya sa a gaba.

Bayan gaisuwa, Yaya, na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani da kowa ke riƙe da waya. Da gangan na yi. In muka yi waya kai ka ɗaga murya, ni in fashe da kuka, kafin in share hawaye ka riga ka yanke hukunci ka kashe. Takarda kuwa ba a katse mata magana, sai dai ka yaga ta, kuma na san halinka, ba za ka yaga ba sai ka karanta. Na tabbata labari ya riga ya iso maka cewa motar da ka aiko a ɗauki Mama a kai ta gidan addu'ar Mai Wahayi ta koma ba kowa a ciki sai waɗanda suka zo da ita. Gaskiya ne, ni na mayar da ita. Ban rubuto don in ba ka haƙuri a kan wannan ba, domin ko gobe ta dawo haka zan sake yi. Na rubuto ne don ka ji zancen daga bakin wadda ke yi wa Mama wanka tana ba ta abinci a baki, ba daga bakin Gwaggo ba, wadda rabonta da ta zauna da Mama ko na awa guda tun kafin a yi wa gidan nan sabon rufi.

Ka dai san tun bayan rasuwar Baba mantuwa ta fara kama ta, muna ta yi mata dariya, yau ta zuba gishiri a shayi, gobe ta tayar da gida neman tabarau alhali yana kan hancinta. To yanzu abin ya wuce dariya. Wata rana ta kira ni da sunana, wata rana ta ce mini baiwar Allah, ta tambaye ni ko na ga 'yarta Auta. Takan yi hira da ƙannenta da suka daɗe a kabari kamar suna zaune a gefen gadonta. Amma ƙafarta garau, ƙarfinta kuma yana nan. Da na juya baya ina yanka yadi, sai in ɗago in ga kujerarta wayam, ta yafa mayafi ta fice. Ba ta zagin kowa, ba ta dukan kowa. Fita kawai take yi, ta je ta zauna a ƙofar gidan mutane tana motsa baki.

Daga nan magana ta taso. Ta zauna a ƙofar tsohon mai askin nan na bakin titi, ba a daɗe ba ya rasu. Mutumin da ya fi shekara yana tari yana tofar da jini, amma ba wanda ya tuna da wannan. Ta zauna a ƙofar wani gida a bayan layinmu, aka fitar da gawar wata tsohuwa. Sai na ukun, wanda ya karya mana zuciya duka: 'yar Shugabar zumuntar mata ta cocinmu, wadda ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Da safen ranar an ga Mama a dandamalin ƙofarsu, da yamma yarinyar ta cika. Bayan an share makoki sai Shugaba ta miƙe a taron mata ta ce Allah ya nuna mata a mafarki wata tsohuwa tsaye a kan 'yarta. Ba ta kama suna ba, amma duk ɗakin aka juyo aka zuba mini ido. Yaya, ranar da ƙasa za ta tsage da na shige. Uwarmu, wadda rabin matan da ke wurin ita ta riƙe musu hannu suna kan gwiwa, wai ita ce yau mayya.

Tun daga ranar shagona ya koma ofishin ba da shawara. Masu kawo ɗinki suka ja baya, har kayan mawaƙan coci da na saba ɗinkawa aka kai wani wuri, amma masu kawo shawara kullum cike, su baje a kan bencin da nake tara yadi, ba wadda ta zo da ko maɓallin da zan ɗinka mata. Wannan ta ce in kulle Mama a ɗaki in riƙa miƙa mata abinci ta taga. Waccan ta ce in hana ta abincin ma gaba ɗaya har sai ta furta. Wata ta kawo mini kwalbar mai wai in shafa a ƙofa da ƙafafun gado. Wata kuma, wadda ko gaisuwar kirki ba ma yi, ta ja ni gefe ta ce in sa ido a kan 'ya'yana, wai irin wannan abu daga cikin gida yake farawa. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wadda ta ce ga ra'ayinta. Kowace sai ta fara da cewa Allah ya nuna mata, ko Ruhu ya sa a zuciyarta. Har na ce wa Baban yara, ikon Allah, duk unguwar nan an yi wa kowa wahayi a kan Mama sai ni da nake wanke mata zani.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya so ya shige ni. In mutane suka yi ta gaya maka abu ɗaya, kowa da sunan Allah a bakinsa, sai ka fara shakkar idonka. Akwai ranar da nake taje mata kai ta kama hannuna, na ji gabana ya faɗi, na fizge. Ta dube ni kamar yaron da aka mara ba laifi. Na shige shago na durƙusa tsakanin keke da tebur, na gaya wa Ubangiji muryoyi sun yi mini yawa, kowace tana cewa tasa ce, in bai ba ni hikimar rarrabewa ba zan yi wa uwata abin da ba zai gyaru ba. Ban ji murya daga sama ba, ban kuma yi mafarki ba. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne, kafin in yarda ko in ƙi, in bi ta in gani da idona.

Da ta fita washegari da hantsi ban tare ta ba, na ja ƙofar shago na bi bayanta daga nesa. Ta wuce gidaje da yawa ko kallo ba su ishe ta ba. Kanta a sunkuye, bakin ƙofofi take dubawa, ba fuskokin mutane ba. Can sai ta ja ta tsaya a rumfar mai gyaran takalma, inda ya zube takalman mutane tuli a gaban ƙofarsa. Ta cire nata ta ajiye a gefe, ta zauna, ta tambaye shi a hankali yaya mai jikin, ko ya samu barci. Bawan Allah ya ce da sauƙi. Sai ta rufe ido ta fara addu'a. Yaya, a tsakiyar titi na tsaya ina kuka ina dariya kamar zararriya. Ka tuna abin da take gaya mana muna yara, lokacin da take jagorar masu ziyarar marasa lafiya? Takan ce in ka ga takalma sun taru a ƙofar gida ranar aiki, kuma ba ka ji kiɗa ko shewa ba, to akwai mai jinya a ciki, kada ka wuce. Sau nawa abincin ranarmu ya kai yamma don ta hango takalma a hanyar kasuwa ta ratse? Sunayenmu sun ɓace mata, amma wannan bai ɓace ba. Ba zuwanta ke kawo mutuwa ba. Ciwo ne ke tara 'yan dubiya, takalman 'yan dubiya kuma su kira ta. Mai gyaran takalma kuwa yana nan lafiya lau, ta zauna a ƙofarsa ya fi a ƙirga tun daga ranar, ƙiba ma ya ƙara.

Na ɗauka da na faɗi wannan magana ta ƙare. Ina! Har gida na je na durƙusa wa Shugaba na yi mata bayani, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce ai irinsu da wayo suke, ni kuma jini ne ya rufe mini ido. Allah ya sani ban riƙe ta a zuciya ba. Matar da ta binne 'yarta ta dawo gida ta tarar da jariri ba uwa, dole zuciyarta ta nemi wanda za ta ɗora wa. Na yarda ta yi mafarki, wanda ke ɗauke da irin wannan baƙin ciki ai dole ya yi mafarki. Abin da ban yarda ba shi ne a ɗauki baƙin cikinta a laƙaba masa sunan Allah, a ce in miƙa uwata a kansa. Ina tausayinta ƙwarai, har kayan jariri na ɗinka na aika mata ta hannun wata, don daga hannuna ba za ta karɓa ba. Amma tausayinta ba zai sa in bi maganarta ba.

Kada ka ce Auta ta yi kunnen ƙashi, ba ta jin maganar kowa. Shawarar da ta fi kowace ɗaci na karɓa, kuma daga bakin da ban so ba. Ka tuna Tsohuwar Nas, wadda ta yi ritaya, mai bakin nan kamar reza, wadda ta taɓa korar ka daga aji a makarantar Lahadi? Ta faɗo mini shago ko gaisuwar arziki babu, kuma ba ta ce Allah ya nuna mata komai ba. Ta ce wauta nake yi da na zauna da mara lafiya ban kai ta asibiti ba, ko gardamar da nake yi da matan coci ce za ta warkar da ita? Ta ce kuma girman kai ne ya sa nake nuna ni kaɗai zan iya, ga shi na rame kamar tsinke, ina yi wa yara tsawa ba dalili, in na faɗi wa zai riƙe Mama? Na ji zafi, har na ce a raina wannan tsohuwa ta ci albarkacin furfurarta. Amma da na huce na juya maganar, ban sami inda ta yi ƙarya ba. Kuma ba faɗa ta yi ta kama gabanta ba. Ita ta raka mu wurin likita, ta bi layi tare da mu, ta riƙe Mama da ta so ta gudu. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ƙwaƙwalwa ce ke gajiya, ba ya warkewa amma akwai maganin da ke rage mata firgita, kuma ya ga irinsa da yawa. Yanzu Nas takan zo wasu ranaku ta zauna da Mama, in samu in yi ɗinki in ɗan runtsa. Har yau dai ba ta daina yi mini faɗa ba.

Daga nan idona ya fara buɗewa. Wanda ya ba ni shawara ya tsaya ya kama mini gefen kayan, da wanda ya jefo tasa daga bakin ƙofa ya kaɗe riga ya tafi, ba ɗaya suke ba. Na kuma lura duk shawarar da aka kawo mini da sunan wahayi, in na bi ta har ƙarshenta, sai in tarar mai ba da ita ne zai samu sauƙi, Mama kuma ta sha wuya. Ko Fasto, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya a gaban jama'a ya ce ba ya so ya sake jin an kira wani maye a ikilisiyarsa, amma da muka keɓe sai ya ce don a zauna lafiya in sa wa ɗakinta kwaɗo har ƙura ta lafa. Ta farkon na karɓa da hannu biyu, ta biyun na ce ya yi haƙuri. Ban ga laifin da ta yi da za a kulle ta don mutane su ji daɗi ba. Baban yara ne ya raba gardama, ya ɗaura 'yar ƙararrawa a ƙofar gida. Da ta buɗe sai in ji, in ajiye almakashi in raka ta. In ta ga takalma mu tsaya tare in yi sallama, in masu gida sun yarda mu yi addu'a, in sun ɓata fuska in lallaɓa ta mu wuce.

Ana cikin haka sai ga wayarka. Ka ce ka yi magana da Gwaggo, ka yi magana da Mai Wahayi, an gama shiri, za a zo a ɗauke ta a yi mata addu'ar kuɓutarwa, kuma kai ne babba. Ban musa ba, kai ne babba. Amma ka taɓa ganin wurin? Ni na je. Ban so in ƙi abin da ban gani ba, shi ya sa na sa Baban yara ya kai ni a bayan babur. Gaban gidan fes, an sha fenti, ana ta waƙa da tafi. Na ce zan zaga bayi, na bi ta baya. Wani dogon ɗaki na tarar mai ƙananan tagogi, tsofaffin mata kwance a kan siminti, wasu da igiya a ƙafa, wari kamar ya kayar da mutum. Wata ta miƙo hannu ta taga tana roƙona ruwa, mai gadin wurin ya ce azumi take, ba za ta sha ba sai ta furta. Na tambaya me za ta furta, ya ce waɗanda ta ci za ta lissafa. Yaya, Mama fa yanzu duk abin da ka tambaye ta i take cewa. Kwanan nan jikarta ta tsokane ta ko ita ta haɗiye almakashina, ta ce i, har da ba da haƙuri. Yini ɗaya ba ruwa za ta amsa ita ta kashe Baba, da mai aski, da duk wanda aka binne tun kafin a haife ta. Sai a kira ka a waya a ce ta furta, ka yi kuka, ka gode wa Allah, ka zauna da wannan a ranka har ka mutu.

Kafin mu fito sai da aka shigar da mu wurin Mai Wahayin kansa, yana kishingiɗe a kujera mai laushi, fanka na kaɗa shi. Ya rufe ido ya ce an nuna masa komai game da Mama, wai gajeriyar tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana kwana a ɗakin baya kusa da famfo, daga can take fita aikinta. Baban yara ya taka mini ƙafa don kada in yi dariya. Tun da ciwon ya yi tsanani na dawo da gadonta ɗakin da ke jikin namu, ɗakin bayan kuwa katako ne fal a ciki. Mutum ɗaya ne a duniya yake zaton har yanzu can take kwana, wato Gwaggo. Wahayin nasa ya tsaya daidai inda sanin Gwaggo ya tsaya. Na yi masa godiya, muka hau babur muka dawo. Da na kira ka in gaya maka, ban kai rabi ba ka ce ba ka son gardama, ka kashe.

Ni ba malamar tauhidi ba ce, ɗinki na iya. Amma abin da Mama ta koya mana daga Maganar Allah bai ce mu haɗiye duk abin da aka zo mana da shi da sunan Ubangiji ba, cewa aka yi mu gwada. Ni kuwa da Yesu nake gwadawa, don ba ni da wani ma'aunin. Na bi labarinsa iyakar sanina, ban ga inda aka kawo masa mai ciwo ya sa aka ɗaure shi aka hana shi ruwa ba. Waɗanda ya tarar a ɗaure ma kwance su ya yi. Yana kan gicciye, numfashi na ƙarewa, sai da ya nema wa uwarsa gidan da za ta zauna. To wane ruhu ne zai zo da sunansa ya ce in fitar da tawa daga gida? In na yi kuskure ni zan tsaya a gabansa in amsa, ba Gwaggo ba, ba Shugaba ba. Gara ya tambaye ni don me na riƙe uwata, da ya tambaye ni ina na kai ta.

Na san abin da ke cin ka, kuma na san ba mugunta ba ce. Gwaggo ta gaya maka zazzaɓin yaron nan da ke tafiya yana dawowa hannun Mama ne, kai kuma uba ne, kana nesa da gida, kana kallon ɗanka yana rawar sanyi. Da ni ce wataƙila da na fi ka rikicewa. Amma don Allah ka tambayi kanka, matar da ba ta iya gane hanyar bayi a gidan da ta yi shekara da shekaru a ciki, ita ce za ta gane hanyar garin da ko a mota ba ta taɓa zuwa ba? Ku mayar da yaron asibiti a sake auna jininsa da kyau, in wannan likita bai gano ba ku nemi wani. Tawa shawarar ke nan, kuma ban ce Allah ya nuna mini ba. Ni ce na faɗa, ka auna ta yadda na auna taka.

Yanzu bari in gaya maka abin da Gwaggo ba za ta gaya maka ba, ko da yake a kan idonta aka yi. Motar ta iso da hantsi ina tsakiyar haɗa hannun wata riga. Gwaggo ce a gaba, sai direba da wani mutum daga gidan addu'ar. Na fito na tsaya a ƙofa da tef ɗin awo a wuya, na ce su sha ruwa su koma, ba inda Mama za ta. Gwaggo ta hau faɗa, wai ni wace ce da zan take maganar ɗan fari, maƙwabta suka firfito. Duk wannan na shirya masa. Abin da ban shirya masa ba shi ne Mama. Hayaniyar ce ta fito da ita. Mutumin da aka aiko dogo ne, mai ɗan ranƙwafawa kamar kai, yana tsaye jikin mota da hannu a aljihu. Tana ganinsa fuskarta ta washe, irin washewar da rabona da ganinta tun Baba na da rai. Ta kira shi Dogona, sunan da kai kaɗai take kira da shi, matar da da safen nan ta manta sunana. Ta ce ai ta san zai zo, ta sha gaya wa mutanen gidan nan ɗanta zai zo ya ɗauke ta ba su yarda ba. Ta koma ciki da sauri ta ƙulle 'yan tsummokinta a ɗankwali, ta fito ta kama hannunsa, tana tambayarsa ko ya ci abinci, me ya sa ya rame haka. Da ƙafarta ta nufi motar, Yaya, tana murna. Ba sai sun ɗaure ta ba.

Ni na ɓamɓare yatsunta daga hannun mutumin, ɗaya bayan ɗaya. Na rungume ta ta baya na ja, Baban yara ya shiga tsakani ya ce wa direba ya tayar da mota tun ana mutunci. Shi dogon ko ido bai iya haɗawa da kowa ba, ya shige ya ja ƙofa. Mama tana ta kiran ka har motar ta sha kwana. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce muguwa ce ni, Allah ya isa tsakaninta da ni, na raba ta da ɗanta. Tun da ta haife ni ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba sai ranar, kuma a gaban unguwa duka na sha ta. Komai takan manta kafin a jima, abincin da ta ci ma mantawa take, amma wannan ya ƙi fita. Kullum da safe sai ta ɗauki ƙullinta ta zauna a bakin ƙofa tana duban titi, in na kawo mata shayi ta kau da kai.

To ga matsayina, don kada wani ya sake ɓata man mota a hanya. Muddin ina numfashi ba wanda zai ɗauki Mama daga gidan nan da saƙo, na waya ne ko na mafarki. In ka ga dama ka yi fushi da ni, ka daina kirana, ka gaya wa dangi Auta ta fi ƙarfinka, zan ɗauka, na riga na ɗauki wanda ya fi wannan nauyi. In kuwa har yanzu kana ganin can ne ya dace da ita, to kada ka aiko kowa. Ka nemi hutu ka zo da kanka. Ka kwana biyu a gidan nan, ka ba ta abinci, ka raka ta yawonta, in kai ka ka ga dogon ɗakin nan da idonka. Bayan haka in zuciyarka ta ba ka, ka kama hannunta da naka hannun ka sa ta a mota. Ba za ta yi maka gardama ba, wannan kam na gani.

Ka gaishe mini da Maman 'Yan Biyu da kyau da kyau, ka ce ina yi mata sannu da jinya, Allah ya ba ta ƙarfi. Ka shafa mini kan 'yan biyu da yayarsu, ka gaya musu rigunansu na yanka, saura haɗawa. Baban yara yana gaishe ka, ya ce in gaya maka ɗakin baƙi a share yake. Yara suna gaida Kawunsu. Tsohuwar Nas ma ta ce in gaishe ka, sauran abin da ta faɗa ba zai rubutu ba. Gwaggo kuwa in kun yi waya ka ce ina gaishe ta, har gobe uwa ce a wurina, kuma ƙofa a buɗe take in ta zo ita kaɗai. Mama ce kawai ban sa gaisuwarta ba. Ɗazu na tambaye ta ko tana da saƙo zuwa wurinka, ta ce ba za ta aika ta hannuna ba, da bakinta za ta gaya maka in ka dawo ɗaukarta.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ni ce ƙanwarka da ba ta daina ƙaunarka ba,
Auta